Ɗalibin Da Aka Aiko Mana Ba Masinja Ba Ne

'Yan'uwa manoma, kowace shekara makarantun aikin gona suna sallamar ɗalibansu su je su koyi aiki da hannu na 'yan watanni. Shirin nan shi ake kira SIWES. Hukumar I.T.F., wadda aka kafa a 1971, mai hedkwata a Jos, ita ta soma shi a 1973. Ɗalibin kwaleji yakan yi wata 4, na jami'a kuwa wata 6. Da yake kamfanoni ba za su iya ɗaukarsu duka ba, waɗansu suna kawo takardunsu ofisoshin raya karkara na ikkilisiya da ƙungiyoyinmu na gama kai. A ganina ya kamata mu karɓe su. Amma kada ƙungiya ta karɓi ɗalibi sai ta san wanda zai riƙe shi, ta kuma san aikin da zai yi.

Mun san abin da yakan faru. Yaro ya zo, shugaba ya sa hannu a takarda don kunyar iyayensa. Daga nan sai zaman benci. Yau a aike shi sayen katin waya, gobe ya share ofis. Ran da zai tafi a buga hatimi a littafin aikinsa, a shaida ya yi abin da bai yi ba. Wannan shaidar zur ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. Yaron nan kuwa wataƙila shi ne malamin gonar da za a turo wa ƙauyenmu nan da shekara biyar, bai taɓa riƙe garma ba.

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1950 Peter Batchelor na mishan ɗin S.U.M. ya soma aikin Bangaskiya da Noma a ƙasar Filato. Akan kai saurayi gidan manomi Kirista wanda ya gwanance da noman shanu, ya zauna da shi, ya ci abin da ake ci, ya koya a gona. Abin da ya sa hanyar ta yi amfani shi ne, kowane almajiri yana da maigida guda wanda ya san shi. Haka ya kamata mu yi. Kwamiti ba ya koya wa kowa aiki. A zaɓi manomi ɗaya, namiji ko mace, a ce, ga ɗanka har wata huɗu.

Sa'an nan a ba shi aiki guda mai farko da ƙarshe, wanda ƙungiya take bukata da gaske. Irin wannan aiki ba ya wuyar samu. Kafin shuka, ya gwada irin da ke ma'ajinmu: ya ƙirga ƙwaya 100 ta masara, ya sa cikin jiƙaƙƙen buhu, bayan kwana 7 ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Da wannan kaɗai za mu san ko irin ya isa a raba wa mutane. Ko kuwa ya auna gonakin 'yan ƙungiya. Da yawa cikinmu muna cin bashin taki bisa ga ƙiyasin ido, alhali kadada ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi, gonar da muke kira kadada biyu watakila ɗaya da rabi ce. Da damina ya riƙa zaga gonakin masara kowane mako yana duba tsutsar nan mai cin kan masara, wadda ta shigo Nijeriya a 2016, don a gan ta tun tana ƙarama. Da kaka ya koya wa zumuntar mata ɗaure wake a buhun PICS mai ninki uku, wanda ba ya bukatar magani. Kafin hunturu, in ya fito daga makarantar dabbobi kamar ta Vom, ya taimaka a yi wa kajin gari rigakafi. Guda ɗaya ya isa. A ƙarshe ya tsaya gaban taron ƙungiya ya ba da rahoto da Hausa.

Wani zai ce, ina kuɗin? Gaskiya ne, ɗalibi yana ci, yana bukatar wurin kwana, maigidansa kuma zai rasa sa'o'i na aikinsa. Saboda haka a yi maganar a taro tun kafin ya zo, a rubuta cikin littafin ma'aji: mudu nawa na hatsi za a ba gidan da ya sauke shi, nawa ne kuɗin mota. Ƙungiyar da ba ta iya ciyar da biyu ta ɗauki ɗaya. Wadda ba ta iya ko ɗaya ta faɗa wa makarantar a sarari da wuri, yaron ya nemi wani wuri.

Akwai kuma ɗaya gefen. Kada mu mai da su 'yan ƙodago na kyauta, a tura yaro noman gonar shugaba ko ta fasto da sunan koyon aiki. 'Yan mata kuma a sauke su a gidan da uwar zumunta ta yarda da shi, kada a bar su su kwana a ofis. In ɗalibin Musulmi ne, a karɓe shi daidai da namu, a nuna masa wurin da zai yi salla.

Ina roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su sa maganar nan cikin ajandar taro mai zuwa. Kafin takardun makarantu su fara iso, a rubuta sunan manomin da zai riƙe ɗalibi, da aikin da aka tanada masa, da watan da ake bukatarsa.