Tsohon Kan Sarki a Ajin Ilimin Halittu

Ana yawan kokawa cewa makarantun sakandare ba su da kayan koyar da ilimin halittu. Gaskiya ne, amma akwai abin da ke kwance a tsofaffin akwatunan iyaye wanda ya kamata malamai su waiwaya: kan sarkin da gidan waya ya riga ya buga wa hatimi.

A shekarar 1965 Nijeriya ta fara fitar da jerin kan sarki masu hotunan namun daji. Na kwabo giwaye ne a kansa, na taro rabbi, na kwabo huɗu damisa, na sule biyar raƙumin dawa, na fam ɗaya kuwa ɓauna. Ɗalibin da ya jera na taro da na kwabo huɗu, ya ƙura musu ido, zai gane abin da manya da dama ke rikitawa. Rabbi ɗigo-ɗigon baƙi gare shi, da baƙin layi daga ido zuwa baki. Zanen damisa kuwa zobba ne. Irin wannan lura ita ce tushen rarrabe halittu. Farashin ma shaida ne, domin duk mai ɗauke da sule ko fam ya girmi naira, wadda ta zo a 1973.

Kada a ɓamɓare shi da farce. A yanko shi tare da takardar ambulan, a jiƙa cikin ruwa mai ɗan ɗumi har ya saki, sannan a shanya a inuwa, a kiyaye haƙoran gefensa.

Idan an zo kan na sule biyar, sai malami ya tambayi aji inda ake ganin raƙumin dawa a Afirka ta Yamma yanzu. Mai son ganin garkensu sai ya tafi yankin Kure, kusa da Yamai, a Jamhuriyar Nijar.