Yaro ba kayan ci-rani ba ne

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. 52 daga cikinsu yara ne. Galibinsu ƴan ƙasar Kance ne, ƙishirwa ta kashe su a hanyar zuwa bara.

Mu mutanen Ɗan Barto kullum muna cewa yara manyan gobe. To, ina shaida? A 2006 gwamnati ta mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Madalla! Amma magani ba ya cika rumbu, kuma rumbun da ya ƙare shi ke kora uwa da goyonta hamada.

Hukuma ta haƙa mana rijiyoyin noman rani. Mu kuma iyaye, kada mu ba da aron ɗa domin bara.