Masu Son Kwamfuta, Masu Gudun Lissafi

Wata magana ta yawaita a bakin 'ya'yanmu masu karatun ilimin kwamfuta a jami'a, har wasu iyaye sun fara ɗaukarta: wai lissafin da ake ɗora musu a shekarun farko ɓata lokaci ne, a bar su su koyi rubuta manhaja su fita neman kuɗi. Masu wuraren horo na wata uku su ke rura wutar. Mu dai ba mu yarda ba.

Lissafin da ake gudu shi ne na ɗaiɗaikun abubuwa, waɗanda ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya: ilimin manɗiƙi, ƙididdige hanyoyin jera abubuwa, da tsayar da hujja. A ce an sa yaro ya rubuta manhajar da za ta zaɓar wa ɗan kasuwa hanya mafi kusa ta zaga garuruwa. Ya sa ta gwada kowane jeri. Da gari 10, jerin 3,628,800 ne, kafin ƙiftawar ido ta gama, yaro ya yi murna. Da gari 20, jerin ya haura biliyan sau biliyan biyu; na'urar da ke duba biliyan guda a daƙiƙa sai ta shekara fiye da 70 ba ta ƙare ba. Wanda ya yi darasin zai hango wannan a takarda tun bai taɓa na'ura ba. Wanda ya guje shi zai ce a sayo babbar kwamfuta.

Mu da muka tashi a zaure mun san irin wannan ɗalibi. Shi ne mai haddace mas'aloli ba nahawu ba usulu, wanda in an kawo masa rabon gadon da ba ya cikin haddarsa sai ya yi ta shafa gemu. Kuma a daina ce mana lissafin nan baƙo ne. Daga sunan Alkhawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, aka samo kalmar algorizim, kuma babban yanki na littafinsa na aljabara a kan wasiyya da gado yake. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan ƙa'idojin jera lambobi a hatimi. Duk abin da mutum zai ce game da hatimi, ƙa'idar jerin lissafi ce tsantsa.

Malaman jami'a ma suna da laifi. Wanda ya cika allo da alamomi, bai nuna wa ɗalibi inda suke aiki a manhaja ba, shi ya koya masa ƙin darasin.

Yanzu ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta wa mutum manhaja cikin daƙiƙoƙi, wani lokaci da kuskure a ciki. Aikin ɗan wata uku shi suka fara cinyewa. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya duba ya ce nan daidai ne, nan an kauce, ya kawo dalili, kuma darasin da ke koyar da haka shi ne ake roƙo a cire.