Dillalan masu fasaha: Darasin da Hollywood ke bai wa masu tsara doka a Abuja

A masana'antar nishaɗi, mawaƙi ko jarumin fim ba kasafai yake zama da kansa ya yi cinikin kwangila ba. Akwai dillali a tsakani, wanda ke nemo masa aiki, ya daidaita farashi, sannan ya ɗauki la'adarsa, wadda a Amurka ta saba tsayawa a kashi 10 cikin 100. Matsalar takan taso ne idan dillalin ya fara cin riba daga ɓangaren mai ɗaukar aiki, domin a lokacin ba a san wanda yake yi wa hidima ba.

Jihar Kalifoniya ta daɗe da gane wannan haɗari. Dokarta ta dillalan masu fasaha ta 1978 ta wajabta wa duk mai nemo wa ɗan wasa aiki ya mallaki lasisi daga Kwamishinan Ƙwadago na jihar, ya ajiye jinginar dala 50,000, kuma ya gabatar da samfurin kwangilarsa domin amincewa. Kuɗin da ya karɓa a madadin ɗan wasa dole ne ya shiga asusun amana na daban, a biya mai shi cikin kwana 30. Idan rikici ya ɓarke, ofishin kwamishinan ne ke fara sauraren ƙara.

Duk da haka, dokar ba ta toshe kowace kafa ba. Manyan kamfanonin dillanci sun shafe shekaru suna haɗa marubuci da darakta da jarumi a dunƙule su sayar wa kamfanin shirya fim, su karɓi ladansu kai tsaye daga kamfanin. Ƙungiyar Marubutan Amurka, WGA, ta ce wannan ya rage wa dillalai ƙwazon nema wa marubuta albashi mai tsoka. A watan Afrilun 2019, marubuta sama da 7,000 suka sallami dillalansu. Sai a watan Fabrairun 2021 kamfanin WME, na ƙarshe cikin manyan huɗu, ya sa hannu kan yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen wannan tsari, ta kuma taƙaita hannun jarin dillalai a kamfanonin shirya fim zuwa kashi 20.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta kare haƙƙin mai fasaha a kan aikinsa, amma ba ta tsara aikin dillali ko manaja ba. A nan gida, sau da yawa mutum guda ne ke zama manaja, dillali, kuma mai kamfanin da ke fitar da waƙa, alhali matashin da ke rattaba hannu ba shi da lauya.

Gwamnatin Tinubu ta kafa ma'aikata ta musamman domin tattalin arzikin ƙirƙira a 2023, ƙarƙashin Hannatu Musawa. Abin da ke gaban jami'anta da kwamitocin Majalisar Tarayya a bayyane yake: rajistar dillalai, iyaka ga la'ada, asusun amana, da tilasta bayyana duk wata riba da dillali ke samu daga ɗaya ɓangaren. Idan aka bar lamarin ga kotuna kaɗai, mai ƙaramin ƙarfi zai ci gaba da janye ƙara kafin a kai ga hukunci.