Ba Sanƙarewa Ce Ta Hana Hannun Aiki Ba

Abin da ke fara ɗaukar ido a jikin mai shanyewar ɓarin jiki shi ne hannu: gwiwa a lanƙwashe, yatsu a dunƙule, ya manne da ƙirji. Daga nan 'yan uwa, har da wasu ma'aikatan lafiya, kan yanke hukuncin cewa sanƙarewar ce ciwon, da zarar ta saki hannu zai koma aiki. Sai a duƙufa kan tausa da gashi da ruwan zafi da ɓamɓare yatsu da ƙarfi. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana cinye watannin farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo.

Ɓarnar a ƙwaƙwalwa take. Hanyar da ke kai umarni ga kowace tsoka ita kaɗai ta lalace, sai jiki ya jingina da wasu hanyoyi masu tada tsokoki a tare. Shi ya sa majinyaci na ɗaga kafaɗa gwiwar hannu za ta lanƙwashe, yatsu su rufe, ba da son ransa ba. Mai bincike Thomas Twitchell ya bayyana wannan tun 1951, daga baya wani mai binciken, Julius Dewald, a Chicago ya nuna cewa in aka tallafe nauyin hannun, mutum kan miƙa shi nesa fiye da da. Sanƙarewa kuwa martani ne da ya wuce kima idan aka ja tsoka da sauri, don haka fizgar hannu tsokano ta yake yi, ga kuma illa ga kafaɗar da ta riga ta yi rauni. A gwajin BoTULS na Birtaniya, da aka wallafa a 2011, kan mutum 333, allurar botulinum ta sassauta tsoka, amma amfani da hannun bai ƙaru ba.

Za a ce sassaucin ma alheri ne. Haka ne: yana rage zafi, a samu wanke tafin hannu, a sa riga cikin sauƙi, kuma bai kamata a hana kowa wannan ba. Amma kulawa ce, ba maido da aiki ba. Masu tsoron cewa ƙoƙarin majinyaci na motsa hannu da kansa na ƙara sanƙarewa kuma, bincike bai goya musu baya ba. A gwajin EXCITE na Amurka a 2006, an hana majinyata masu ɗan motsi a yatsu amfani da hannu mai lafiya na mako 2, suna ta maimaita aiki da mai ciwon, suka samu ci gaba fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Lokacin da ake kashewa wajen murza hannu, a ba mai shi kofi da cokali ya yi ta gwadawa ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo.