Wa Zai Faɗa Musu Haƙƙinsu Da Hausa?

'Yan'uwa marubuta, ni malami ne a wata sakandare a Sule Tankarkar, kuma abin nan ya ishe ni. Darasin haƙƙin ɗan ƙasa da Turanci muke yin sa. Yaro ya haddace Babi na 4 na tsarin mulkin 1999, ya ci jarrabawa, amma tambaye shi me zai yi in an tsare mahaifinsa ran Alhamis a kasuwar Maigatari, sai ya yi zuru. Alhali sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ashe doka ta fi mu malamai sanin darajar harshe!

To ku fa? Batun so da zaman aure, 'yan matan ajina daga littattafanku suke koyo, ba daga allona ba. A ƙarƙashin benci suke karanta ku, na sha ƙwacewa. Cikin tulin labaran nan, tauraruwa nawa ce ta san alƙali na iya sauraronta kan auren dole? Ko sa ta kuka kaɗai kuka iya?