Jeren Matan Ingila: Shin Butar Sarauniya Dukiya Ce?

Wannan watan za mu tsallaka ruwa ne mu leƙa kabad ɗin matan Ingila, saboda wasiƙar da wata 'yar'uwa ta aiko mana. Ta ce yayarta da ke aikin jinya a can ta kawo mata tsarabar butar shayi ta tangaran mai hoton Sarauniya Elizabeth, an kuma gaya mata wai tun da Sarauniyar ta mutu a 2022 irin waɗannan kaya sai tsada suke ƙarawa. Shi ne take tambaya, idan ta kwashi adashinta, ta aika a ƙaro mata irinsu ta ajiye ko kuwa?

'Yar'uwa, kafin amsa bari mu san kayan tukuna.

Mu da muka tashi muka ga jere a ɗakunan iyayenmu ba za mu yi mamakin wannan ɗabi'a ba. Kakanninmu sun jera ƙore da tasoshi, iyayenmu suka jera fanteka da samira da langa har kusa da rufi, mu kuma muka koma tangaran a kabad mai gilashi. To su ma matan Ingila suna da nasu jeren, sai dai abin da da yawansu suka ƙwallafa rai a kai shi ne kofi da faranti da butar shayin da aka yi takanas don tunawa da wani sha'ani na gidan sarautarsu, kamar naɗi, ko aure, ko haihuwa, ko cikar wasu shekaru a kan gado. Akwai tsofaffin da suka tara dubbai, har wurin zama ya gagara a falo.

Abin ya daɗe. A 1660 Sarki Charles na Biyu ya dawo kan gadon mahaifinsa bayan ƙasar ta yi shekara 11 ba sarki, sai maginan Landan suka shiga zana shi da hannu a kan manyan farantai. Idan kika ga zanen sai ki rantse yaro ne ya yi, ga ƙaton kambi ga 'yan ƙafafu. Matarsa Catherine, 'yar sarkin Fotugal da ya aura a 1662, ita ake cewa ta sa shan shayi ya zama abin yayi a fada. (Masu ƙorafin gara ta yi yawa a zamanin nan su ji: cikin abin da aka haɗo wannan amarya da shi har da garin Bombay na Indiya da Tanja ta Maroko.) A lokacin kayan ba su da yawa, domin kowane ɗaya sai mai zane ya zauna a kansa.

Sai a shekarun 1750 aka gano dabarar sassaƙa zane a farantin tagulla, a buga shi a takarda, a manna a jikin tangaran, sannan a gasa. Daga nan zane ɗaya ya isa a yi kofi dubu. Garuruwan da suka haɗu suka zama Stoke-on-Trent a tsakiyar Ingila suka zama cibiyar sana'ar, a can kamfanoni irin su Wedgwood, wanda aka kafa a 1759, da Spode da Minton suka yi suna. Ba yabon sarki kaɗai ake yi da kayan ba, har rigima ana yi. A 1820 da Sarki George na Huɗu ya nemi rabuwa da matarsa Caroline ta hanyar tona mata asiri a majalisa, talakawa suka goyi bayanta, aka yi ta sayen butoci da farantai masu hotonta don a nuna wa sarki ba a tare da shi. Ranar naɗinsa a 1821 ta zo har ƙofa aka hana ta shiga, bayan 'yan makonni ta mutu. Matar da aka wulaƙanta dai ko'ina tana da masu tausayinta.

Zamanin Sarauniya Victoria ne abin ya zama ruwan dare. A 1887 da ta cika shekara 50 a kan gado, an tara dubban yaran makaranta a filin Hyde Park na Landan, aka ba kowa kofin tunawa da kamfanin Doulton ya yi. Tun daga nan ya zama al'ada hukumomin garuruwa su raba wa yara kofi duk lokacin da aka yi babban bikin sarauta, an yi a 1902 da 1911 da 1935 da 1937, aka kuma yi a 1953 da aka naɗa Elizabeth. Haka aka cika kasuwa da su a 1977 da ta cika shekara 25, da kuma 1981 a auren Charles da Diana. Wannan auren ya mutu a 1996, ita Diana ta rasu a 1997, amma kofunansu na nan garau a kabad ɗin mutane.

To a nan gizo ke saƙa. Duk wanda aka ba kofin nan an gaya masa abin tunawa ne, don haka ba wanda ya sha shayi da shi. Uwa ta karɓe daga hannun yaro ta ɗora can sama, ta ce wata rana zai yi kuɗi. Maƙwabciyarta ma haka, duk unguwa haka, duk ƙasa haka. An yi su da ɗimbin yawa, kuma ba su fashe ba. Abin da kowa ya ajiye kuwa, wa zai saya a hannun wa? Shi ya sa kofin 1953 ko na 1977 ko na 1981 na gama-gari, 'yan fam kaɗan ne kuɗinsa a shagunan kayan gwanjo na Ingila, wani lokaci bai kai kuɗin sabon kofi ba. Su masu sana'ar ma ba sa kiran abu tsohon kayan tarihi sai ya kai shekara 100, kin ga na 1953 sai 2053 ke nan.

Babu labarin da ya fi nuna wannan kamar na Sarki Edward na Takwas. Ya hau gado a Janairun 1936, aka sa ranar naɗi 12 ga Mayu, 1937. Kamfanoni suka duƙufa, suka cika rumbuna da kofuna da butoci masu hotonsa da wannan rana. Kwatsam a Disambar 1936 ya ajiye sarautar domin ya auri Wallis Simpson, wata 'yar Amurka da ta fita daga aure har sau biyu, wadda gwamnati da cocinsu suka ce ba za ta zama sarauniya ba. Aka naɗa ƙanensa George na Shida, mahaifin Elizabeth, a wannan ranar da aka sa. Me ya faru da kayan? Mutane suka yi rububin saye, kowa na cewa ai kofin sarkin da ba a naɗa ba dole ya zama abin nema. Kowa ya saya, kowa ya ɓoye. Har gobe magada na kai su wurin masu kimanta kaya da zumuɗi, a gaya musu abin da ba sa son ji.

Wani abin sha'awa, wannan sarki ya taɓo mu. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma an buga wa ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila ke mulka kwabo da ɗari da anini na 1936 ɗauke da sunan Edward, masu huda a tsakiya da tauraro. Ba hotonsa a jiki saboda hudar. Ki duba tsohuwar adakar kaka, ba mamaki akwai. Su ma dai an buga su da yawa, kada ki ce kin tsinci dami a kala.

Haka labarin yake ga kayan 1902. An sa naɗin Edward na Bakwai ranar 26 ga Yuni, ana saura kwana biyu ciwon ciki ya kwantar da shi aka yi masa tiyata, aka ɗage zuwa 9 ga Agusta. Mai talla zai nuna miki kofi mai ranar Yuni ya ce kuskure ne, don haka yana da wuyar samu. Ƙarya yake. Yawancin kayan an riga an gama su da ranar Yuni, masu ɗauke da ranar Agusta su ne ba su da yawa.

Waɗanne ne ke da kuɗi ke nan? Waɗanda aka yi kaɗan, aka mora, yawancinsu suka fashe. Farantin Charles na Biyu da ya tsira yakan kai dubban fam a wurin gwanjon manya. Kofin naɗin Victoria na 1838 yakan kai ɗaruruwa, haka kayan Caroline. Cikin na baya-bayan nan kuma sai wanda hannun gwani ya taɓa, kamar kofin da mai zane Eric Ravilious ya tsara wa Wedgwood. Don Edward na Takwas ya yi shi, aka gyara shi ya koma na George na Shida a 1937, aka sake fito da shi da wani launi a 1953, alhali mai zanen ya ɓace a jirgin sama a gaɓar Iceland tun 1942 lokacin yaƙi. Wannan ana nemansa, kuma zanen ake saye.

Saboda haka 'yar'uwa mai wasiƙa, shawarata kada ki zuba adashinki a nan. Jeren iyayenmu ya zama musu banki ne domin akwai mai saye a bakin ƙofa, idan ta-ci-barkatai ta taso a kira dillaliya, kafin la'asar an kawo kuɗi. Shi ma da yayinsa ya wuce kin ga yadda samira ta koma. Butar Sarauniya kuwa wace dillaliya za ki ba a Kano ko Zariya? Can inda aka san darajarta ma matasa ba sa son cika gida da kabad, idan tsohuwa ta mutu sai a kwashe jerenta a kwali a kai shagon sadaka. Mutuwar Sarauniya a Satumbar 2022 da naɗin Sarki Charles na Uku a Mayun 2023 ba su rage yawan kayan ba, ƙaro wasu aka yi. Ga kuɗin dako, ga fashewa a hanya. In ajiya kike so, 'yan kunnen gwal ko tunkiya sun fi wannan sau goma. In kuwa sha'awa ce, kina son butar don kyanta da labarinta, to wannan daban, ki sayi ɗaya ko biyu da kuɗin da ba zai dame ki ba.

Mai son saye ta koyi juya kaya ta dubi gindinsa, a nan tambarin kamfani yake. Kalmar England ita kaɗai ta fara yawaita ne daga 1891, bayan Amurka ta yi dokar sai an rubuta ƙasar da aka yi kaya. In kika ga Made in England to galibi na ƙarni na 20 ne, duk abin da mai talla zai ce. Sunan kamfani kuma ba ya nufin a Ingila aka yi, domin Royal Doulton ta rufe babbar masana'antarta ta Stoke a 2005, aiki da yawa ya koma Indonesiya. Ki ɗan ƙwanƙwasa kofi da farce, mai lafiya zai yi ƙara siririya, mai ɓoyayyar tsaga zai yi dum. A buta ki dubi bakin zuba da gefen murfi, nan ne ke fara ɓantarewa, ki kuma tabbatar murfin nata ne ba na aro ba. Ɓantarewa ɗaya ta isa ta karya kuɗin kaya ƙwarai.

Gidajen da ba a kafa hoton mutum a ɗaki, akwai kayan da ba su da fuska ko kaɗan, sai kambi da furanni da haruffan sunan sarki. Sannan ki sani tangaran ɗin nan mai shara-shara da suke kira Bone China, wanda Spode ya inganta a shekarun 1790, da tokar ƙashin shanu ake haɗa shi, ita ke ba shi wannan fari da haske. Wadda abin ya tsaya mata a rai sai ta tambayi malaminta kafin ta sha da shi.

Tsohon kaya kuma na kallo ne. Fenti da ruwan ƙyallin da ake shafa wa tangaran a da sukan ƙunshi dalma, kuma mun san abin da gubar dalma ke yi wa yara, don haka kada a zuba wa yaro shayi ko lemo a tsohon kofi, balle wanda jikinsa ya yi tsage-tsage. Wanki da hannu, ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, a shimfiɗa tawul a cikin roba, ban da soson ƙarfe, don zai kankare ruwan gwal ɗin baki. Mai ruwan gwal ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci. Kada a ɗaga tsohuwar buta da mariƙinta kaɗai, a tallafi gindinta. In za a ɗora farantai kan juna a sa ƙyalle a tsakani, kuma ƙurar hunturu a share ta da burushi mai laushi kafin a sa ruwa.

Sarauniya Elizabeth ta zo Najeriya a farkon 1956, aka yi mata babban hawan daba a Kaduna, har kan sarki na aika wasiƙa aka buga na tunawa da ziyarar. Idan a gidanku akwai wani abu na lokacin, hoto ne ko kan sarki ko kofi ko kwabo mai huda, ki zauna da tsohuwar da ta san labarinsa tun tana da rai, ki rubuta na wane ne, a ina ya samu, a wace shekara, ki ninke takardar ki ajiye tare da kayan.

A wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake fitar da tabon shayi daga farin tangaran ba tare da an ci fentinsa ba. A ci gaba da aiko da wasiƙu.